Kunnen Mai Zaɓen Ƙwallo

Mai Kunne ake ce masa a layin masu gurza, kuma tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: zaɓen ƙwallo. Buhu zai zo cike da na goruba da na giginya a cakuɗe, duk sun yi baƙi ƙirin. Sai ya ɗauki guda ya girgiza a kunne. Wanda ya ce ƙas-ƙas ya bushe ke nan, cikinsa fari fat, shi ake gurzawa a yi maɓalli da carbi. Wanda ya yi gum kuwa ɗanye ne, ko ƙwari sun rarake shi. In ya hau inji tarwatsewa yake.

Ƙaninsa ne a kan injin, kullum cikin tsokana.

"Yaya, kai kam ka huta, kana zaune kana jin hirar goruba."

"Ai ta fi taka ma'ana," in ji Mai Kunne.

Matarsa ce ta fara gane cewa ya daina ji sosai. Sai ta yi sallama a bayansa bai amsa ba, ladan ya kira salla yana nan zaune. Ƙugin injin nan ya cinye kunnen a hankali.

"Malam, ka gaya wa ƙaninka," ta faɗa da ƙarfi.

"In gaya masa, in dawo gida in taya ki wanke-wanke?"

Haka ya ci gaba da kai ƙwallo kunne yana girgizawa, yana gyaɗa kai, alhali nauyi kawai yake aunawa a tafin hannu. Allah ya rufa asiri har damina ta wuce. Ran nan ya miƙa wani mai nauyi, ashe danshi ne ya ba shi nauyin. Ƙanin ya ɗora shi a kan inji, ya danna masa ƙarfen gurza. Ƙwallon ya fashe, wani ɓalli ya shige idon ƙanin na dama.

A asibiti, rabin fuska a naɗe, ƙanin ya ce a hankali, "Yaya, ka saurari wancan kafin ka ba ni?"

Mai Kunne ya zuba wa bakinsa ido, yana ƙoƙarin gane abin da ya ce. Ƙanin ya maimaita. Ya sake ɗaga murya har masu jinya suka waiwayo. Sannan ya daɗe yana duban yayansa da idon da ya rage, ya juya fuska bango.

Ƙanin bai taɓa yi masa gori ba. Da ya warke dai ya ɗauki wani mai zaɓen. Mai Kunne yana gida yanzu, a kan tabarma bakin ƙofa. In ƙanin ya zo wucewa yakan ɗaga masa hannu daga nesa, ba ya tsayawa.