Ƙafafun Azurfa da Ƙwan Mama

Ruwan sama ya ɗauke ke nan ranar da na fara ganinsu. Mun biyo ta kasuwar kayan mota ta Dilimi ni da maigidana, shi ya shiga neman fitilar baya, ni ina zaune a mota ina kallon waje. A ƙofar wani shago an rataye ƙafafun mota guda huɗu, irin waɗanda ake kira rim, farare tas kamar azurfa, kowace da siraran yatsu kamar tauraruwa. Rana ta leƙo ta cikin gajimare ta sauka a kansu, ɗigon ruwa yana gangarowa. Sai na ji ƙirjina ya buga.

Tun ina 'yar sakandare nake karɓar hayar littattafan soyayya. A cikinsu saurayi ba ya zuwa zance sai an fara bayyana motarsa: ta shigo layi a hankali, ƙafafunta na walƙiya, 'yan unguwa na leƙe ta taga. Ni da nawa saurayin ya zo, a ƙasa ya zo, da laima. Motar da ya saya bayan mun haifi na biyu tsohuwar tokumbo ce ruwan toka, ƙafafunta baƙin ƙarfe kamar gindin tukunya.

Da maigidana ya dawo mota sai na nuna masa ƙafafun da haɓa, na ce, "Ina ma."

Abin da na faɗa ke nan. Har gobe ina kan bakana, ban ce a saya ba.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ba mai yawan magana ba. Duk zamanmu bai taɓa ce mini hasken idanuna ba, iyakarsa "Maman yara, akwai ruwan zafi?" Amma wata la'asar sai na ji hon a ƙofar gida, na fito, na tarar da motarmu ta tashi sama kamar budurwa ta sa takalmi mai tsini. Sababbin ƙafafun sun fi na da girma sosai, tayoyin kuwa sirara, kamar kwalli aka zizara wa rim ɗin. Mai shagon ya karɓi tsofaffin, aka yi masa ciko.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ga ina-ma ɗinki nan."

Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Muka zaga unguwar Laranto ba tare da muna da wurin zuwa ba, gilashi a sauke, ina gyara mayafi.

To, ni sana'ar ƙwai nake yi. A bayan Rayfield akwai wata dattijuwa 'yar Berom, tsohuwar nas, mai gonar kaji, kowa Mama yake ce mata. Ƙwanta manya ne, ƙwaiduwarsu ja, masu saro suna layi a kansa, kuma ba kowa take ba ba. Na daɗe ina bibiya kafin ta ware mini kaso. Kowace Asabar maigidana ke kai ni, mu cika but da kujerar baya da kiret-kiret, mu raba wa masu shayi da wata mai yin kek a Laranto. Abin da nake riƙe kaina da shi ke nan, kuma da tsofaffin ƙafafun nan munana ban taɓa asarar da ta wuce ƙwai ɗaya ko biyu ba.

Asabar ta farko, tun daga ƙofar gonar Mama muka ji. Ya karya sitiyari zai yi kwana, sai wani gurnani ya taso daga gaba, ƙurrr, kamar ana yanka langa-langa. Taya ce ke gogar bodi. Muka hau titi, motar ta koyi bin ra'ayin kanta: duk inda manyan motoci suka lotsa kwalta, nan take bi, ko da sitiyari yana cewa a'a. Da ya ɗan taka, sitiyarin ya kama karkarwa har agogon hannunsa na rawa. Tsakuwa kuwa, ko ta kai girman gyaɗa, sai na ji ta a haƙorina. A kowane rami ina jin ƙas, ƙas daga baya, kamar ana taka mini zuciya.

Na ce, "Baban yara, ƙwai."

Ya ce, "Ƙafafun ne ba su zauna ba tukuna. Sabon takalmi ma sai ya ciji mutum."

Daga nan muka shiga yawon masu gyara. Mai faci ya danna tayar da babban yatsa ya ce iska ta yi yawa, ya rage. Ba a jima ba muka faɗa wani rami, bakin rim ɗaya ya lanƙwashe, sai wani mai facin ya ce wane mahaukaci ne ya rage muku iska? Mai balansin ya manna wa rim ɗin ƙananan dalma don nauyi ya daidaita. Mai alaimen, wato mai saita ƙafafun mota, ya ce mai balansin bai san aikinsa ba. Bakanikenmu ya ce shoka ce ta mutu, aka canja shoka. Wani mai gyaran bodi ya ce shi ya gano maganin gurnanin, ya ɗauko guduma ya buɗe bakin bodin ta ciki har fenti ya ɓare. Gurnanin ya tafi in motar ba kaya. Da an ɗora ƙwai, bayanta ya zauna, sai ya koma tayoyin baya.

A gida kuwa wainar ƙwai da safe, dafa-duka da ƙwai da rana. Na aika wa maƙwabta har suka fara cewa sun gode, akwai na jiya. Autana in ya ga na ɗauko kasko sai ya fashe da kuka. Waɗanda suka fashe fili ma da sauƙi, ana gani a ware. Masu ɗan siririn tsagu su ne masifa, ba a gani sai sun kwana biyu a teburin mai shayi sun fara wari. Mai kek ta kira ni ta ce ta fasa ɗaya a cikin kwaɓin kek ɗin biki, dole ta zubar da kwaɓin gaba ɗaya. Masu shayi kuma ba sa cewa motar wance ce, cewa suke ƙwan Mama ya lalace.

Na sa tsofaffin barguna a ƙarƙashin kiret. Na sa filo. Na koma rungumar wasu a cinya kamar jarirai. Rannan dai na gaji, na same shi yana wanke ƙafafun da tsohon buroshin haƙori, yana bi lungu-lungu.

"Don girman Allah a mayar da na da."

"Wa ya ce ina ma?"

"Ina ma na ce, ban ce ina so ba! Ina ganin jirgin sama ma ina cewa ina ma."

"A majalisa yanzu ba mai kiran sunana, sai Oga mai azurfa. Jiya direban shugaban ofishinmu ya tsaya ya tambaye ni inda na saya. Kina so in koma musu da gindin tukunya?"

"To ka kai wa majalisar wainar ƙwai, mu mun ƙoshi."

Ya ci gaba da goge-gogensa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a tsaye a ƙofar gida, in rana ta yi sanyi, har lokacin kyau suke yi mini. A littafi ba a taɓa cewa motar saurayi ta ɗauki ƙwai ba, kuma titin littafi ba shi da rami.

Wata Asabar a tsakiyar damina, yana da ɗaurin aure bayan mun gama rabo, don haka ya sa farar shaddarsa tun daga gida. Mun baro gonar ba nisa, ruwa ya kwanta a titi, motar ta ja kanta gefe kamar yadda ta saba, ta faɗa wani rami da ruwan ya rufe. Na ji ƙara kamar an harba bindiga. Taya ta fashe, kiret biyun da ke cinyata suka tashi sama, suka sauka a kan farar shadda. Ya fito yana ɗigar ƙwaiduwa tun daga ƙirji har gwiwa, ɓawo a kan hularsa. Masu acaɓa suka tsaya, wani ya ce, "Oga, saura albasa da maggi!"

Ana cikin haka sai ga Mama a tsohuwar akori-kurarta za ta sayo dusa. Ta sauko, ta leƙa but, ta dubi ƙafafun, ta dube shi.

"Malam, wannan ƙafa na zuwa biki ne, ba na aiki ba." Ta juyo gare ni. "Yarinya na, kaji na suna wahala kafin su yi ƙwai ɗin nan. Yanzu a gari ana cewa ƙwai na ya ruɓe. Asabar in kin zo da wannan ƙafa, kar ki shiga get. Mutane suna jira, zan ba wani."

Ba ta ɗaga murya ba, ta hau motarta ta tafi. Maigidana ya ciro safaya daga ƙarƙashin but ya ɗaura, muka rarrafo gida, mota ta karkace kamar mai ɗingishi. Bai je ɗaurin auren ba. Sai da ya yi wanka ya zauna, sannan ya ce, yana kallon bango, "Ko mutumin nan yana nan da tsofaffin?"

Ranar Litinin shi yana ofis, na hau keke mai ƙafa uku na tafi Dilimi. Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka tono uku daga ƙarƙashin tarkace. Ta huɗun ya ce wani mai walda ya saya. Na bi mai walda, ya ce ai tuni ya yi aikinta, in je Tina Junction in tambayi mai gasa masara.

Na same ta a bakin titi tana fifita wuta. Ga ƙafar motarmu nan, na gane ta da wani tabon jan fenti, an yi mata ƙafafu uku na rodi, an huda cikinta, an cika ta da garwashi, masara na ƙamshi a kai.

Na ce, "Baiwar Allah, wannan murhun ƙafar motar mijina ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To Madam, ki ce masa yana aiki da kyau. Na nawa za a ba ki?"

Na sayi masara biyu, na tsaya a wurin ina ci ina jin kamar in kurma ihu. Uku ba sa tafiyar da mota, kuma mai shagon ya ce irin wannan tsohon yayin sai an sa cigiya. Ina cikin keke a hanyar gida na tuna da abin da ya kawo mu gida ranar Asabar. Safayar nan ai 'yar uwarsu ce, ta baƙin ƙarfe, ita kaɗai mai shagon bai karɓa ba don tana ɓoye a ƙarƙashin but.

Asabar muka isa gonar da ƙafafu huɗu baƙaƙe, ba safaya, sai addu'a. Mama ta fito get da kanta. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta zaga motar, ta shuri taya ɗaya da takalmin robarta.

"Yauwa. Mota ya dawo hankalinsa. Ku shiga."

Ran nan ko ɗaya bai fashe ba. Mai kek dai ba ta dawo ba har yau, ta samu wani.

Ƙafafun azurfa kuwa maigidana ya ƙi sayarwa. Ya jingine su a bayan ɗaki ya rufe da buhu, wai sai gwamnati ta gyara titi. Shekaru suka wuce, motar ta tsufa aka sayar, shi ma ya yi ritaya. Mama ce ta ba shi 'yan tsaki na farko, yanzu yana da kajinsa a bayan gida, yana tashi da asuba ya duba su kafin ya nemi ruwan zafi. Ya kwantar da ƙafafun nan huɗu a cikin akurki ya zuba musu dusar katako, kaji suna hawa suna yin ƙwai a ciki. Duk Juma'a yakan kore su, ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno da tsohon buroshi, ya bi lungu-lungu har sai sun yi walƙiya.