Gurbin wanda za a sanar

Har gobe ba zan manta da ranar da Ammi Salihu, wato Baffa Salihu a Larabce, ya shigo ofishinmu na fassara da ke unguwar Tandabawi a nan Makka ba. Watan Safar ne, alhazai sun watse, ni kaɗai nake zaune ina sauraron ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ba ku san shi ba. Dattijo ne haifaffen Makka, ya haura saba'in, matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba.

Ya kwance wani ƙyalle ya ajiye mini ɗan littafi mai launin ƙasa.

"Ya waladi, ɗana, na mahaifina ne. Ka duba mini ko ina da kowa a duniya."

Littafin sallamar soja ne na zamanin Turawa. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya fita da muƙamin kofur, wato mai igiya biyu, daga nan ya biyo hanyar Sudan a ƙasa har Makka. Bai taɓa ba ɗansa labarin gida ba. Sunan da ke ciki Dauda Zariya.

A nan na yi wautar da nake hana ku. Na ga Zariya, sai na sa wani abokina malamin makaranta ya yi ta yawo cikin birni yana tambayar masu unguwa, wata biyu a banza. Ashe akawun soja garin da mutum ya shiga aiki yake liƙa masa a matsayin suna. Shekarun haihuwa ma da ido yake kintata su. Abin da soja ba ya wasa da shi guda ne, gurbin wanda za a sanar idan ya mutu. Na koma can da gilashin ƙara girman rubutu. Tawadar ta koɗe, amma na karanta: Maryamu, ƙanwa, ta hannun mishan, sai sunan wani ƙauye a ƙasar Zazzau.

Mishan, wato mutanen coci ke nan. Abokina ya je ƙauyen, wani dattijon coci ya buɗe masa littafin baftisma, inda suke rubuta sunan yaro da na iyayensa da ranar da aka yi masa. Ya turo mini hoton shafin. Marayu biyu, Dauda da Maryamu, uba ɗaya, rana ɗaya. A gefen sunan Dauda wani ya ƙara da fensir: ya tafi soja, bai dawo ba. Tsagar fuska da littafin soja ya siffanta kuwa irin ta mutanen ƙauyen ce. Maryamu ta rasu, amma 'yarta Rifkatu tana nan da jikoki.

Sati guda takardar tana cikin aljihun teburina. Yaya zan gaya wa mutumin da ke alfahari ubansa ya tako Makka da ƙafa cewa a coci aka raine shi? Na kai wa mudir ɗinmu, shugaban ofis, Ustaz Bakur, shawara.

"Mu masu fassara ne, ba masu gyaran kakannin mutane ba," in ji shi. "Abin da ke takarda shi za ka faɗa. Halas, shi ke nan."

Na ji haushinsa, don ba shi zai kalli idon tsohon ba. Amma gaskiyarsa ce.

Na tafi unguwarsu, Ka'akiyya, bayan la'asar. Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, kofin shayi ɗaya, sai da ya aro nawa a maƙwabta. Na karanta masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi, har na fara neman takalmina da ido.

"To, shi ya sa ya yi shiru," ya ce. "Allah ya jiƙan Baba, shi kaɗai ya ɗauki wannan kaya. Ita Rifkatun, tana da waya?"

Muka kira ta ta bidiyo. Tsohuwa ce mai faɗin goshi irin nasa. Tana ganinsa ta dafe kai.

"Wayyo, fuskar Inna! Ɗan'uwana, har ta mutu kullum sai ta ajiye wa Kawu Dauda tuwo. Ka bari in sayar da akuyoyina in zo in gan ka."

Ammi Salihu ya dube ni, na dubi ƙasa. Dukanmu mun san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Na kuma san wani abu: shekara da shekaru ko Jidda ba ya zuwa, don tsoron kada ajali ya riske shi a wajen Harami. Burinsa kenan da ya rage, a yi masa salla a gaban Ka'aba.

"Zauna da akuyoyinki, ya ukhti, 'yar'uwata," ya ce da Hausarsa mai karyewa. "Ni zan zo."

Da muka kashe wayar na ce, "Ammi, in kuma ta Allah ta kasance a can fa?"

"Tayyib, ba komai. Ƙasar can ma Allah ne ya yi ta. A nan in na mutu, dubu za su sallace ni, babu wanda ya san sunana."

Ni na cika masa takardun tafiya. A gurbin wanda za a sanar, karon farko a rayuwarsa ta tsufa, ya sami sunan da zai ba ni in rubuta. Ya bar mini makullin ɗakinsa, ya ce wata ɗaya zai yi.

A wata na uku Rifkatu ta kira ni. Musulmin ƙauyen sun yi masa sutura, ita da jikokinta suna tsaye daga baya. Ta ce tuwon da Inna ta yi ta ajiye wa Kawu Dauda, ɗansa ya zo ya ci.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tsohuwar takarda ba ta mutu ba, akwai mai jira a ƙarshenta. Ku karanta kowane gurbi, ku faɗi abin da kuka gani, kada ku yanke wa mutum abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Makullin yana nan a aljihun teburina. Ranar da aka sanar da ni rasuwarsa na ɗauko fayil ɗina na ofis, na tarar tun zuwana ƙasar nan gurbin nawa babu kowa a ciki. Na nemo lambar ƙanena a Kano, wanda rabona da jin muryarsa shekara tara, na kira.