Kubura Mai Ƙararrawa

Bari in faɗa tun farko, kada wani ya ce na ɓoye: ba na son Kubura. Ƙanwar bayana ce, na girme ta da shekara goma sha ɗaya, amma ita ta kaɗa min ƙararrawa a gaban mutum ɗari shida ina tsaye zan yi magana a kan gawar mijina.

'Yar Zariya ce. Karatun haɗa magunguna ya kawo ta Manchester, ta zauna a wani ɗan gidan haya a unguwar Levenshulme, saman shagon mai gyaran waya. A shekararta ta uku mahaifinta ya zo ganin likita, ya rasu ranar Juma'a da yamma. Ofishin da ke ba da takardar izinin binne mamaci ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, Litinin kuma ga layi, sai Laraba aka kai shi makwancinsa. An ce ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Masallatai ta shiga bi tana tambayar wa da wa aka taɓa yi wa haka. Ta nan ta faɗa hannun wata haɗaka ta masallatai da coci-coci da makarantu da ƙungiyar direbobin bas. Suka koya mata aikinsu, ita kuwa ta koya har ta fi malaman.

Da ta samu aiki a wani kantin magani a unguwar Sparkhill ta dawo nan Birmingham, da halinta ta taho. Kubura ba ta zuwa gidanka hira. Zama za ta nema da kai, ku biyu, minti arba'in, ta zuba maka ido ta ce, “Me ke ba ka haushi a garin nan?” Wani dattijon masallacinmu ya taɓa kawo mata ɗan takarar jam'iyyarsa, ta ce haɗaka ba ta da ɗan takara, duk wanda ya ci zaɓe shi za su titsiye. Tun daga ranar da ka yake amsa gaisuwarta.

Mijina Ɗan'azumi akanta ne. Ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar Juma'a, kafin magariba rai ya yi halinsa. Kwana biyar ya yi a firjin ajiye gawa, ana jiran takardar izinin binnewa. Kwana biyar 'yan'uwansa na bugo waya daga Kano suna tambaya ko an kai shi, sai ka ce ni na riƙe shi. Kubura ta zo gaisuwa da kular shinkafa, ta zauna shiru, har na ce yarinyar kirki. Ashe kwanakin takabata take ƙirgawa. Wata huɗu da kwana goma na cika, washegari ga ta a ƙofa.

Ta ce, “Anti Raki, za mu tara jama'a. Jami'ar da ofishin nan ke hannunta, Bethany, ta yarda za ta zo. Tambaya ɗaya za mu yi mata, ta ce e ko a'a: za a riƙa buɗewa Asabar da Lahadi? Amma kafin tambayar sai wani ya faɗi abin da ya same shi. Minti uku.”

Na ce, “Abin da ya same ni ne za ki mayar minti uku?”

“Kowa minti uku ne, Anti, har liman.”

Ta so mu gwada maganar a gida. Na ce ni da na yi shekara ashirin ina koyarwa, ba ita za ta koya min tsayawa gaban mutane ba.

A zauren wani coci aka yi taron. Kowace ƙungiya ta miƙe ta faɗi mutanen da ta yi alkawarin kawowa da waɗanda ta kawo. Aka kira ni. Ga limaminmu a sahun gaba, ga fasto, ga dattawa masu furfura, ga baƙuwa. Ni ba a raine ni in buɗe baki gaban manya ban gaishe su ba. Na gai da liman, na gai da fasto, na gai da iyaye maza da iyaye mata, na gode wa Bethany da ta baro iyalinta ta zo, har yaranta na tambaya. Ina cewa “Mijina”, ƙararrawa ta kaɗa. Kubura ce a kan ɗan teburinta, idonta na kan agogo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Aka karɓi abin magana daga hannuna. Bethany, da na gama kwantar mata da hankali, ta yi murmushi ta ce za su duba. Aka rubuta a'a a allo, don a wurin 'yan haɗakar duk abin da ba e ba ne, a'a ne.

Bayan taro sukan tsaya su auna abin da ya gudana. A nan, gaban kowa, Kubura ta ce, “Anti, minti biyu da daƙiƙa hamsin kika ba gaisuwa.”

Na ce, “Ke dai ba ki da tarbiyya.”

Ta ce, “In na bar ki kika wuce, dole in bar Bethany ta wuce. Ita kuwa da surutu za ta cinye mu har a tashi.”

Wata biyar ban kula ta ba. Da za a sake taro na koma, ba don ita ba, don ban faɗi sunansa ba. Na hau, sallama kawai na yi. Na ce sunansa Ɗan'azumi, bai taɓa makara wurin aiki ba, ya makara zuwa kabarinsa da kwana biyar, da lamba ɗaure a ƙafarsa. Cikin minti biyu na gama. Sauran minti ɗayan na tsaya shiru ina kallon Bethany, don nawa ne. Da aka yi mata tambayar ta ce e. Har yau akwai dattawan da ke cewa Raki ta hau gaban manya ko gaisuwa babu, kuma abin yana min ciwo, kuma Kubura ce ta ja min.

Watan jiya Malam Sanda maƙwabcinmu ya rasu ranar Asabar da hantsi, kafin la'asar an binne shi. Na je gaisuwa. Matarsa Firdausi ta riƙe hannuna tana sa min albarka. Ni kuwa, Allah ya yafe min, hassada na ji. Kubura na gefe tana rarraba ruwa. Na matsa kusa da kunnenta na ce, “In kika ƙirga wa baiwar Allah nan kwanakin takaba, ni da ke ne.”

Ta miƙo min ruwa ta ce, “Ita ba ta da abin faɗa, Anti. An kai nata da wuri. Ni da ke ne muka jira.”

Na karɓi ruwan. Ban ce mata na gode ba.