Gwaggo Dije da Dawar da Ba Magani Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a unguwar Arba wa Nus lokacin da na zo Alƙahira karatu. Na ɗauka bana ma da hawaye zan tuna ta, sai ga ni ina rubutu bakina ya ƙi rufuwa don murna, saboda abin da na gani Juma'ar da ta wuce. Amma bari in faro daga tushe.

Gwaggo mace ce mai faɗa da ciyarwa. Duk Juma'a sai ta tuƙa tuwo, ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya su cika mata falo, tana zuba musu miya tana yi musu tsiyar rama. Wata rana na raka ta wani kantin magani a unguwar Mohandessin saboda ciwon gwiwa. Muna jira take ce mini, da ƙarfi yadda ta saba, gari ya ƙare, wannan makon babu tuwon dawa. Mai sayar da maganin, baƙa kamarmu amma Larabcinta na Misirawa zalla, ta saki kwalin da ke hannunta.

"Ya Hagga, don Allah sake faɗin abin da kika ce," in ji ta da Larabci.

Sunanta Samira. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidan wasu Misirawa, ta rasu Samira tana da shekara uku, masu gidan suka riƙe ta kamar 'yar cikinsu. Ba su san komai game da uwar ba sai sunanta Hawwa. Samira ta girma kowa ya dubi fatarta sai ya tambaye ta ita 'yar ina ce, ba ta da amsa, kuma abin yana ci mata rai. Labari ɗaya aka ba ta: bayan rasuwar uwar ta yi watanni tana kuka tana cewa "tuwo dawa". To, a Larabci dawa magani ne. Bayin Allah sai suka yi ta jigilar ta wurin likita, ana ɗura mata maganin tari da na ciki, alhali lafiyarta ƙalau.

Da Samira ta gama ba mu labarin, Gwaggo ta yi dariya har ta manta da gwiwa, sannan ta fashe da kuka. "'Yar nan, ai yunwar gida kike ji! Yalla, maza ki shirya, Juma'a ina jiran ki."

Ta karaɗe unguwa har ta samo dawa wurin wani ɗan Sudan, aka niƙo. Samira ta zo, ta nemi cokali, Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba. Da ƙamshin daddawa ya buge ta, sai muka ga ta gutsuro tuwo, ta mulmula, ta danna babban yatsa a tsakiya, ta dangwalo miyar kuka. Wallahi babu wanda ya nuna mata. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta leƙowa.

A bakin tukunya Samira ta koyi Hausa. Muciya da mara ta fara sani kafin gaisuwa, kuma ta sha zagi a kan gudaji. Gwaggo ta tambayi duk tsohon da ta sani ko za a gano garin su Hawwa, ba a dace ba. Da wannan takaicin ta koma ga Allah.

Yau Samira ce ke riƙe da tuwon Juma'a. Har tsohuwar da ta raine ta tana zuwa, tana ci tana ƙorafin yaji. Da Gwaggo za ta leƙo, na san sai ta ce talgen ya yi ruwa, ta kuma yi tir da kuɓewar da ake markaɗawa a inji. Amma da ta juya baya za ta share ido da gefen mayafi.

Juma'ar da ta wuce wata sabuwar ɗaliba daga Maraɗi ta cinye malmala biyu, ta ɗago ta ce wa Samira, "Yaya, ke 'yar wane gari ce a gida? Hannunki irin na innata ne."

Na dubi Samira, don na san yadda tambayar nan take yi mata. Samira kuwa ko muciyar ba ta ajiye ba. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ce, "Garin ban sani ba, amma Bahaushiya ce ni. Miƙo kwanonki."

Gwaggo ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar mace mai shekara arba'in da ta iya amsa wannan tambaya tana murmushi. Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya jiƙan Hawwa.