Layin da Aka Cire Daga Allo

Shekarun da na yi aiki a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Kalgo, daga Gwandu nake zuwa kan babur. Aikina shi ne lura da kwamfutoci da wayoyin da suka haɗa su. Akwai manhajar da ke yi mini gadinsu: kowace kwamfuta tana da ɗigonta a allo, kore idan lafiya lau, ja idan tana nawa ko ta yanke. Ina son manhajar nan, don ba ta jin kunyar kowa.

Mai cibiyar, Alhaji, shi ma yana sonta, amma don ado. Ya sa aka rataye babban allo a ɗakin baƙi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa koren nan kamar gonar shinkafa.

Da bazara ta kama, layin kwamfutocin jikin bangon yamma ya fara ja da zarar rana ta take. Na bi zanen da manhajar ke ajiyewa, na bi waya, har na kai ga akwatin da ke raba musu layi. Zafi ne ke dafa shi a ƙarƙashin kwano. Na gaya wa Alhaji a sake shi. Ban iya lallashi ba, kuma a gaban baƙi na faɗa, abin da ba a yi masa.

"Kai wane irin mutum na?" in ji shi bayan sun fita. "Masu duba wuri na tahe, ka bar muna ja bisa bango?"

"Ranka shi daɗe, ja ɗin gaskiya na."

Washegari ya tura ni gyara wani shagonsa a Gwandu, ya ce in zauna can sai ya neme ni. A bayana ya kira wani mai gyara, aka cire layin yamma daga cikin abin da manhajar ke dubawa. Allo ya koma kore shar, masu duba wuri na hukumar jarrabawa suka zo suka yaba. Ni ban san komai ba, na ɗauka akwatin aka sake.

Yayata tana cikin masu jarrabawar shekarar. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara a Masama, ta ɗaura niyyar shiga makarantar aikin jinya. Dangin mijin da ƙyar suka yarda, suka ce sau ɗaya, in ba ta ci ba a bar maganar. Kujerarta ta faɗa layin yamma, a zaman rana.

Tana fitowa daga jarrabawar ta kira ni. Tambaya ta ƙi buɗewa, ta danna ta jira, agogo kuwa yana tafiya abinsa. Lokaci ya ƙare ba ta kai rabi ba.

Na taho Kalgo da gudu raina a ɓace, amma da ɗan ƙarfin gwiwa, don ana sake wa wanda na'ura ta cuta jarrabawa idan akwai shaida. Na buɗe manhajar a gaban jami'in da ke kula da zaman. Layin yamma babu shi. Ba ja, ba kore, babu ko ɗigo. Jami'in ya ce shi abin da ke rubuce yake kaiwa sama, kuma rahoto bai nuna matsala ba. Na ɗaga murya har aka riƙe ni. Alhaji bai ko fito daga ofishinsa ba. Ban taɓa tsanar mutum kamar ranar ba.

Na ɗauko yayata a babur. Muka bi ta cikin gonaki. Sai da muka kusa Masama, ta hango rufin gidan surukanta, ta taɓa kafaɗata.

"Sauke ni nan, in taka da ƙahwa," in ji ta. "Ban san mi za ni ce musu ba tukuna."