Ranar da Motar Maigida Ta Haye Ƙoramar Garinmu

Ana sallame sallar asuba munka tashi daga Dogon Dutsi, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Mu huɗu ne: ni, da maigida, da ƙanensa, da yarinyata mai wata bakwai. Ƴan uwa mata da kunka dame ni da tambayar ko mun dawo lafiya, ga labarin gaba ɗaya, don in huta da amsa muku ɗaya-ɗaya.

Abin da munka faɗa wa mutane shi ne za mu kai wa Innata jikarta ta gani, a ƙauyenmu da ke bayan Tibiri. Gaskiya ne, amma akwai wata magana a ƙarƙashi. Maigida direba ne, yana ɗaukar fasinja daga Dutsi zuwa Doso. Motarsa fara ce mai ƙofa huɗu, mai shan gazuwal, ba babba ba, ba ƙarama ba, irin wadda in ta wuce ba mai waiwayenta. Tun kafin aurenmu yake da ita, da ita muke ci. Ƙanen nasa kuwa ɗan kasuwa ne, wayoyi yake sayarwa, kuma ya taɓa zuwa arewa wurin haƙar zinariya. Tun da ya dawo ya sa wansa gaba. Wai irin wannan mota ba ta ishi direba ba, wai ƴan furoje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ba sa hayar komai sai kat-kat, mai dogayen ƙafafun nan da ke shiga daji. A sayar da ita, su tafi arewa tare shekara guda, su dawo su sayi kat-kat.

Shekara guda. Haka anka ce wa maƙwabciyata. Yau ɗanta yana gudu a tsakar gida, bai san fuskar ubansa ba sai a waya.

Ranar Juma'a maigida ya yanke magana a gabanmu. Ya ce, "Gobe za mu garinsu, kuma ban san hanyar da ta fi tasu muni ba. In motar nan ta kai mu ta maido mu ba a ɗaura mata igiya an ja ba, na zauna. In anka ja ta, a kira dillali."

To kun ji da irin zuciyar da na shiga motar.

Kwana ɗaya za mu yi, amma jaka uku na ɗauka. Da katin awon yarinya, da maganin zazzaɓi, da gidan sauro, da ruwan da na tafasa na zuba a jarka, da zannuwa shida. Ƙanen maigida ya ga ana lodawa ya ce, "Matarmu, ƙaura za ki yi?" Na ce masa shi da bai haihu ba ya yi shiru.

A kan kwalta motar ba ta da abin faɗi. Tana tafiya tana gurnaninta a hankali, sai ka ce kyanwa ta ƙoshi. Damina ta yi kyau bana, gero ya fara fidda kai dama da hauni, gawo ne kaɗai tsaye ba ganye kamar yadda ya saba. Munka wuce wajen Kiyeshe rana ba ta gama fitowa ba, mata sun riga sun kama hanyar gona da ƙorai bisa kai. Yarinya ta yi barci tun daga bakin gari. Sau uku ina kai yatsa bakin hancinta in ji numfashi, don barcin ya yi mini nauyi da yawa. Maigida ya sha gazuwal na jikka goma a Dutsi, kuma na sa wa allurar nan ta awon mai ido, da ƙyar take motsi. Na faɗa da ƙarfi don wanda nake nufi ya ji. Ƙanen nasa yana sauraren wa'azi a wayarsa. Can wata kat-kat fara mai doguwar eriya ta wuce mu fuu, ya ɗago kai.

"Ka gani, Yaya? Wannan ita ce mota."

Na ce, "Alhajin zinariya, mu ma ai ba da ƙafa muke tafiya ba."

A shingen jandarma anka duba takardu. Jandarman ya leƙo ya ga yarinya, ya ce, "Madam, wannan babanta sak," ya ɗaga mana hannu. A Kore Mairuwa munka tsaya karin kumallo. Kopton zogale da ƙuli na dala ashirin ya cika ɗan kwano, ƙwan zabi dafaffe uku dala hamsin, don lokacinsa ne. Mai shayin ya cika sukari har cokali yana tsayawa. Su biyun sunka ci sunka ƙara. Ni loma uku kawai na yi.

Daga nan munka sauka daga kwalta. Hanyar Tibiri ta yi gargada, ruwa ya ciccinye gefenta, komai na cikin mota yana kaɗawa har haƙoran mutum. Na rungume kan yarinya a ƙirjina har munka shiga gari. Na saya wa Inna sabulu da sukari da goro. Maigida kuwa wurin mai faci ya nufa, ya sa anka rage iskar tayoyin duka huɗu, ya ari famfon hannu da shebur ya sa a baya. Ya ce taya in ta yi laushi bajewa take bisa rairayi, ba ta nutsewa. Ƙanensa ya ce, "Mota sai an lallaɓa ta kamar tsohuwa."

Bayan Tibiri babu hanya sai turbar amalanke. Rami biyu ne da ƙafafun amalanke sunka yi, da tudun rairayi a tsakiya, kuma wannan tudun shi ne maƙiyin gajeruwar mota, don cikinta yake gogawa. Ba halin kaucewa, manoma sun shuka gero har bakin turba, wasu sun kafa ƙaya, kuma wanda ya taka wa mutum gero a wannan wata sai ya ga maigari. Maigida ya ɗora taya ɗaya bisa tudun, ɗaya a gefe, motar ta karkace, muna tafiya kamar kaguwa. Duk gogawar da ta yi sai in ji a cikina.

Hantsi ya yi munka iso ƙoramar da ke gaban garinmu. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ya wuce, ya bar rairayi fari, shimfiɗe kamar tabarma. Turba ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe tsaye ta tsakiya, da sawun taya mai faɗi, wata babbar mota ta bi. Ɗayar ta yi kwana can ƙasa wajen wasu goriba, siririn sawun amalanke da kofaton jaki.

"Tu durwa, Yaya, miƙe kawai!" in ji ƙanensa. "Ga sawun mota nan. Sa pas, za ta wuce!"

Maigida ya sa giya. Ni ban taɓa sa masa baki a tuƙi ba, ko sau ɗaya. Amma a nan anka haife ni. Da rani, in rijiyar gari ta ja baya, a tsakiyar ƙoramar nan mata suke haƙa ramu su ɗebi ruwa da ƙwarya. Ni da hannuna na haƙa, wasu sun kai mini wuya. In ruwan damina ya zo sai ya cika su da rairayi mai laushi, ya shafe sama ya daidaita, baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Abin da ya sa amalanken gari ke zagayawa ke nan.

Na ce, "Malam, don Allah tsaya."

Ya tsaya, ya waiwayo. Na faɗa musu. Ƙanensa ya yi dariya ya ce ai ga shi wata ta wuce lafiya. Na ce mai dogayen ƙafafu ce, kuma Allah ya tsare ta. Na ga maigida yana duban sawun motar, yana duban ƙanensa, na san magana ba za ta ishe su ba.

Ku da kunka san ni kun san ba na ba kowa yarinyar nan. Ko uwar mijina in ta ɗauke ta, ina tsaye a kanta. Ranar nan na kwance ta daga jikina na miƙa wa ƙanen maigida, mutumin da ko riƙon jariri bai iya ba. Na ce, "Tallafe mata kai. In ta faɗi, ni da kai ne har lahira." Na cire takalmi, na zari wani dogon icce daga shingen gona, na shiga ƙoramar.

Taku goma sha biyu na yi. Na soka iccen, ya tsaya, ƙasa da ƙarfi. Na matsa kaɗan, daidai inda tayarmu ta hauni za ta bi, na sake sokawa. Ya shige, ya yi ta shigewa, har hannuna ya taɓa rairayi. Na bar shi a nan, ɗan kansa kaɗai a waje, na juyo na dube su.

Munka bi ta wajen goriba. Ina gaba da ƙafa, ina taka sawun jaki, maigida yana bina da mota a hankali. Ina jin kukan yarinya daga ciki, ban waiwaya ba, don in na waiwaya komawa zan yi. A hawan gaɓar can tayoyin gaba sunka fara juyawa wuri ɗaya, suna watsa rairayi. Maigida ya kashe, ya fito da shebur ya share gaban tayoyin, na karyo masa rassan sabara munka shimfiɗa. Wasu manoma biyu da ke noma kusa sunka gane ni, sunka zo suna "Ƴar Inna, ke ce?" sunka sa kafaɗa. Ta haye.

Ƙanen maigida ya miƙo mini yarinya, rigarsa duk tumbuɗi, ya ce, "Bon, turi ma ai ja ne."

Maigida ya ce, "Igiya na ce. Ka ga igiya?"

Inna ta yi ta juya jikarta tana duba kunnuwa da yatsu, ta ce ta yi ƙiba amma na cika tufatar da ita, zafi zai kama ta. Ta dama mana fura da nonon da anka tatso da safe, da marece ta yi tuwon gero da miyar kuka. Rabona da cin abinci haka tun Juma'a. Mata sunka cika gida, kowa da ƙwan zabinta ko ƴar gujiya a ƙulle.

Da safe kafin mu tashi ruwa ya sauko. Da munka iso ƙoramar, ta cika tana gudu, ja wur, tana ɗauke da karare. Na ce a raina shi ke nan. Amma a bakin gaɓa akwai wata kat-kat tsaye, ita ma jira take. Direbanta ya hura gawayi yana dafa shayi, ya kira su maigida. Ina zaune a mota da ƙofa buɗe ina ba yarinya nono, ina jinsu. Ya ce motar ba tasa ba ce, ta wani mai kuɗi ce a Yamai. Ya ce taya ɗaya tata ta sayi namu biyu da canji. Maigida ya tambaye shi iyali, ya ce suna Doso, rabonsa da su tun watan jiya.

Ba zan ɓoye muku ba, shi ya riga mu hayewa. Ruwa yana kai masa rabin taya ya shiga ya wuce, mu kuwa sai da munka ƙara fiye da awa guda. Ƙanen maigida ya duba agogo ya fi sau goma. Da ruwan ya janye na sake shiga gaba, wannan karon da yarinya goye a bayana, don ƙanen ya ce rigarsa ɗaya ta rage. Salansa, bututun hayaƙin motar, ta saki a turba, anka ɗaure ta da waya. A Tibiri anka mayar wa tayoyi iska, anka mayar da shebur da famfo. Munka shigo Dutsi ana kiran la'asar, motar ja kamar an yi mata wanka da jan ƙasa, tana ƙara kamar injin niƙa. Igiya dai ba ta taɓa ta ba.

Kuna tambaya ko irin wannan mota ta ishi direba. Ni ba makanike ba ce, aji uku na yi a lakwal. Abin da na gani shi ne, a kwalta ba ta da na biyu, kuma ba ta da ci. A jar hanya takan jure. A rairayi kuwa ita kaɗai ba ta isa ba, sai da shebur, da haƙurin jira, da wanda ya san inda anka haƙa ramu. Kat-kat ta fi ta, amma da awa guda ta fi ta.

Litinin da safe maigida ya kai motar anka gyara salansa, ya dawo da sabon shebur nasa na kansa ya sa a baya. Da ƙanensa ya zo, ina jin maigida daga ɗaki ya ce masa, "Kai ka tahi, Allah ya ba da sa'a. Ni bana ina nan."

Bana kawai ya ce, na ji sarai, bai ce har abada ba. Ƙanen ya tafi ranar Laraba, na soya masa gyaɗa ya yi guzuri, Allah ya maido shi lafiya. Jiya da magariba ta gabato na ji gurnanin motar a ƙofar gida. Yarinya tana kan tabarma, ta saki abin da take tsotsa, ta juya kai wajen zaure tana jira.