Rekiya Tsakanin Magani Biyu

Rekiya 'yar Agyaragu ce, aure ya kawo ta garin Lafiya. Shekara shida tana sayar da doya a bakin kasuwa kafin ciwon ya same ta. Da fari gaɓoɓi ne suke mata ciwo, sai wasu jajayen ƙuraje a kumatu duk ranar da ta sha rana, daga baya ƙafafu suka kumbura har silifas ya daina shiga. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce shawara. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji. Sai da mijinta Ashemi, direban keke napep, ya kai ta babban asibiti, sannan aka faɗi sunan abin, wai lufus. Garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin ƙodarta.

Bayan wata shida na allurai da ƙarin ruwa, ciwon ya lafa. Likita Iorfa, wani ɗan Tibi mai Hausar kasuwa, ya ɗora ta kan maganin da zai danne shi kada ya sake tashi, maikofenolet, safe da yamma. Maganin ya yi aiki, sai dai ya riƙa murɗa mata ciki. Ta haƙura da doya saboda rana, ta koyi ɗinki, ta kafa kekenta a cikin ɗaki.

Shekara uku tana haka, kuma har lokacin ba su taɓa haihuwa ba. Wata ranar ganin likita ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ina son in ɗauki ciki."

Iorfa ya ajiye biro. "Da wannan magani, a'a, madam. Zai lalata yaro a ciki. Akwai wani, azatiyofirin, mata suna haihuwa da shi. Amma ba kowa yake riƙewa kamar na farko ba. Wasu lafiya lau, wasu ciwo ya dawo."

"Ni a wanne ɓangare nake?"

"Ban sani ba. Sai mun gwada."

A hanyar gida Ashemi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni dai lafiyarki ta fi mini komai." Sati biyu tana juya maganar, sannan ta koma ta ce a sauya.

Aka sauya. Duk wata sai ta kai fitsari a 'yar kwalba, a ɗebi jini, ta zauna a benci tun safe har azahar tana jiran sakamako. Wata takwas komai daidai, cikinta ma ya daina murɗawa, amma juna biyu bai samu ba. A wata na tara ta ga fitsarinta yana kumfa kamar an zuba sabulu. Tun kafin a auna, ta san ciwon ne ya dawo. Ta yi kwana goma sha biyu a gadon asibiti, fuskarta ta cika ta yi fam saboda ƙwayoyi, daga nan aka mayar da ita kan maganin farko.

Shekara biyu ke nan yanzu da komawarta kansa. A watan jiya Iorfa ya duba takardunta ya gyaɗa kai.

"Ƙoda ya zauna lafiya. In kina so, za mu iya sake gwada wancan magani na haihuwa."

Rekiya ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Likita, na gaji. A bar ni a kan wannan."

Bai ja maganar ba, ya rubuta mata takarda. Ta bi layi ta karɓi magani, ta fito ta tarar da Ashemi ya faka a inuwar mangwaro.

"Me ya ce?"

"Ya ce in dawo bayan wata uku."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka tsaya a kasuwa in sayi zare."